Gaisuwar Soja ga Baƙuwar Gummi

Kakata Maimunatu, wadda ta haifi uwata, duk labarin da ka kai mata tambaya guda take yi. Ka nuna mata bidiyon yaƙi a waya, ka ce Inna dubi abin da ake yi wa mutane, ba za ta tambayi wace ƙasa ba, ba za ta ce wa ke da gaskiya ba. Sai ta ce, "Wanga abu na yaushe na?" Da haushi take ba ni, na ɗauka rashin tausayi ne. Bara na zauna wurinta a Gummi sati uku ina taya ta shanya, na matsa mata har ta ba ni labarin. Ku da kuke wuni kuna zagin iyayen juna a kan yaƙin da ba ku san ko ta wane gefen duniya ake yinsa ba, ku karanta in kun ga dama.

A Gummi anka haife ta, kusa da gulbi. Ubanta masunci ne mai 'yar fadamarsa, uwarta kuma shinkafa take turarawa ta kai kasuwa. Karatunta ke nan, allo da safe, sannan tukunya. Ta iya jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta turara, ta baza a tabarma, ta ciji ƙwaya guda ta gaya maka ko saura rana ɗaya ta bushe. Boko kuwa har yau ko sunanta ba ta ganewa a takarda.

Halilu soja ne, ɗan Nasarawa Burkullu. Ya zo hutu a 1981, ya shiga kasuwar Gummi cikin kaki, ya sayi shinkafa wurinta sau uku rana ɗaya. A na ukun ta tambaye shi ko biki ake gidansu, ya ce shi ma abin da ya zo tambaya ke nan. Anka yi aure. Barikinsu can gabas yake, tafiyar kwana biyu a mota, kuma ƙaramin soja bai samu ɗaki ba, don haka ya bar ta gida wurin uwarsa Inna Hamsatu da yayansa Gambo.

Zuwansa na ƙarshe, farkon 1983, tana da ciki wata uku. Ya zo da rediyo mai rigar fata, ya miƙa wa Gambo don shi ne babba. Ya ce wasiƙa tana da wahala, sai an nemi mai rubutawa an nemi mai karantawa, kowa ya ji sirrinka. Amma akwai shirin gaishe-gaishe a tashar gwamnati duk Jumma'a bayan la'asar. Kati ake saye, a rubuta sunaye, a jefa gidan waya, mai shirin ya karanta. Ya ce su kasa kunne, duk sati biyu za su ji shi.

Ba zai iya kiran sunan matarsa a rediyo ba, uwarsa na ji. Sai sunka shirya tsakaninsu zai riƙa ce mata baƙuwar Gummi. In ta haihu anka aika masa, shi ma ɗan fari ba a kama sunansa, zai ƙara kalma biyu ne kawai, ya ce da baƙon baƙuwa. Ba wanda ya san wanga sai su biyu.

Haka kuwa anka yi. Jumma'a na yi sai a ji: "Halilu soja na gaida Innarsa Hamsatu, da yayansa Gambo, da Baffa Gidaɗo na ruga, da baƙuwar Gummi, dukkansu a Nasarawa Burkullu." Gidaɗo wani dattijon Bafulatani ne da ke riƙe da shanun gidan tun uban Halilu na da rai, a rugarsa Halilu ya yi rabin ƙuruciyarsa.

Ku fahimci wani abu kafin ku ce mutanen da ba su da wayo. Akwatin nan shi ke faɗin ƙarfe nawa, a dubi agogo a ga daidai. Shi ke cewa an ga wata, gari ya tashi da azumi. Wa zai zauna ya yi tunanin cewa a cikin akwatin guda akwai maganar yanzu, akwai kuma wadda ta kwana biyu cikin buhu?

Da bazara ta yi, sai magana ta fara fitowa cewa ana faɗa a Tafkin Chadi, kan wasu tsibirai. Daga shagon Lado ta fito. Lado tela ne, rediyonsa na rataye a ƙusa bisa keken ɗinki, ya ja waya daga eriya har kan rufi don ya kamo tashoshin waje. Su sunka ce an kashe sojoji, an kama wasu. Tashar gwamnati, wadda Gambo ke kunnawa gindin tsamiya, ta ce 'yar rashin jituwa ce a kan iyaka kuma an shawo kanta. Kowa a garin ya san can gefen anka kai su Halilu.

Abin da ya ɓata komai, shekarar zaɓe ce. Gambo ɗan kwamitin jam'iyya mai mulki ne a unguwarsu, Lado kuma na adawa. Cikin sati ɗaya garin ya rabu. In ka ce ana yaƙi, an san inda za ka jefa ƙuri'arka. In ka ce lafiya lau, an sani. Har ta kai in mutum ya tsaya gaida Inna Hamsatu ya ce Allah ya tsare na bakin tafki, sai a kai wa Gambo cewa wane ya koma wajen su Lado. Mutane sunka bar tambaya. Gambo kan ce ɗinki ne ya gagari Lado ya koma ƙirƙirar gawawwaki. Lado kan ce masu sauraren kiɗa da kirarin gwamna ba su da bakin maganar duniya. Maimunatu na cikin gida da ciki wata biyar, ba ta da majalisa, abin da ya tsallako katanga shi take tsinta.

Sai Jumma'a ta zo, anka karanta gaisuwar Halilu.

Ta ce ba ta taɓa ganin Gambo na gudu ba sai ranar. Ya shigo da rediyon a hannu, kiɗa ya riga ya biyo baya, yana ta cewa sun ji, sun ji? Inna Hamsatu ta yi sujada a tsakar gida. Daga nan ya wuce shagon Lado, jama'a na biye, ya ɗora rediyon bisa keken.

"Lado, gawa na gaisuwa?" in ji shi. "Ko can cikin taku tasha matattu na aiko kati?"

Lado ya ci gaba da taka keke.

Bayan sati biyu wata ta zo. Bayan wasu biyun, wata. Har masu kamfe da sunka zo da lasifika bisa mota sai da sunka sa shi cikin jawabi, wai ga ɗanku nan na bakin tafki kuna jinsa da kunnenku, wa ke muku ƙarya, mu ko Turawa? Ranar Inna Hamsatu ta sha gaisuwa kamar ta dawo Makka.

Ita ma Maimunatu ta yi murna, wata guda cur. Sannan ta fara lura. Sunayen nan huɗu ne, jerinsu ɗaya, ba ƙari ba ragi. Farkon damina Gidaɗo ya rasu. Anka sa malamin firamare ya rubuta wa Halilu wasiƙa. Sati biyu, gaisuwa ga Baffa Gidaɗo na ruga. Wata guda, gaisuwa ga Baffa Gidaɗo. Wata biyu, haka. Duk sanda anka kira sunan, sai matan gidan su dubi ƙasa.

Ana gobe za a kai ta Gummi goyon ciki, ta sami Gambo a zaure, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yaya, Baffa ya yi wata biyu ƙasa, har yau ana gaishe shi."

"Wasiƙar ce ba ta kai ba. Ke kin taɓa jin gidan waya bakin daga?"

"Ashe bakin daga yake, Yaya."

Gambo ya ce shi bai ce haka ba, kuma mai ciki ba ta sa wa ranta damuwa. Ta roƙe shi ya je barikin ya dubo, ko ya aika wani. Ya ce yanzu saura sati huɗu zaɓe, in anka ga ya shiga mota neman ƙanensa, kafin ya kai Bukkuyum su Lado sun gama yaɗa cewa shi kansa bai yarda da abin da yake faɗa ba. Ta bari a gama zaɓe. Ta ce min ba mugu ba ne, yana son ƙanensa. Ya dai faɗi magana a gaban mutane har ta fi ƙarfinsa.

Ta aika wa Lado ta bakin matarsa Laraba, ko tashoshinsa sun faɗi sunaye. Amsar da ta dawo ita ce su ba sunaye suke faɗa ba, lissafi ne, kuma wannan ta faɗi nata waccan ta faɗi wani. Amma in ta yarda, zai tashi a taronsu ya ce ga matar soja wata huɗu ba ta ga wasiƙa ba, a san gwamnati na ɓoye mutuwa. Ta ce wa Laraba ita ba ta ce ya mutu ba, tambaya take. Laraba ta ce to shi dai abin da zai iya ke nan.

Ta haihu a Gummi ana saura kwanaki zaɓe, mace. Gambo ya zo suna ya raɗa mata Binta, ita ce uwata. Anka sake rubuta wasiƙa. Tana wankan jego tana aron rediyon maƙwabta duk Jumma'a. Gaisuwa ta zo, sunaye huɗu. Ba baƙon baƙuwa. Matan da ke zaune da ita sunka ce ai kunyar ɗan fari ce, yaron kirki, soja bai ɓata shi ba. Ita kuwa ba za ta iya gaya musu abin da sunka shirya da Halilu ba.

Nan ta yi abin da har yau nake jinjina mata. Ta sa anka sayo mata katin, ta sa wani malamin makaranta ya rubuta: Maimunatu a Gummi na gaida Halilu soja, tana tambaya ko ya ji Baffa ya rasu, ko ya ji an sauka lafiya. Anka jefa gidan waya. Ta samu gwangwanin madara, duk Jumma'ar da ta wuce ba a karanta ba ta jefa ƙwayar shinkafa ɗaya. Ranar da anka karanta, ta juye a tafin hannu. Bakwai. Kuma mai shirin sunaye kawai ya karanta, Maimunatu na gaida Halilu soja, ya jefar da tambayar, ya sa kiɗa.

Ta ce tana shayarwa lokacin, sai ta yi lissafi. Katinta da ya tashi daga nan Gummi ya yi Jumma'a bakwai a hanya. Ke nan duk gaisuwar da sunka yi wa guɗa tsohuwa ce. Wadda Gambo ya ɗora bisa keken Lado, an rubuta ta tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Da ta koma Nasarawa ta kai wa Gambo gwangwanin, ta yi masa bayani. Ya ce to, ko da jinkiri ai yana aikowa, na yanzu ai bayan faɗan anka rubuta su. Gaskiya ne ƙwayar shinkafa bakwai ba ta nuna mutum ya mutu. Jam'iyyarsa ta ci zaɓe, Maimunatu ta tuna masa alkawari, ya ce a bari a rantsar. Anka rantsar, ya ce a bari a kai gero gida.

Ana gama kai amfanin gona gida, ƙarshen Disamba, gari ya waye da kiɗan soja a rediyo. Juyin mulki. Muryar nan da ta wuni tana yabon gwamnati, ita ce dai ta koma karanta laifuffukanta, ko tari ba ta yi ba. Gambo ya cire hoton jam'iyya daga zaure ya tura ƙarƙashin gado. Yanzu kuma in ta yi maganar bariki sai ya ce ana kama 'yan siyasa, shi zai ɗauki ƙafarsa ya kai kansa wurin soja? Lado ya yi murnar sati ɗaya, sannan shi ma ya gane ba a son surutu. Tashoshinsa sun daɗe da barin tafki, sun koma Lebanon, sun koma Iran da Iraƙi. A gindin tsamiya mutanen da ba su taɓa wuce Gusau ba sunka rabu biyu a kan Bagadaza. Maganar Chadi ta mutu ba wanda ya ci gardamar. Ita kaɗai ta rage da ita, da jaririya a baya.

Gaisuwar ta ci gaba har wata bazarar, sannan ta tsaya. Jumma'a biyu, huɗu, takwas. Sai lokacin Gambo ya tsorata. Bayan ƙaramar salla ta 1984 ya shiga mota.

Kwana tara ya yi. Da ya dawo bai tsaya zaure ba, ya shigo ya zauna a ƙasa gaban uwarsa, hularsa a hannu. Ya ce a ofis sun duba, Halilu ba ya cikin waɗanda anka binne, ba ya cikin waɗanda anka sako, yana cikin waɗanda ba a gani ba tun satin farko na faɗan. Sun ce an aika takarda gida. Ba wanda ya san inda ta tsaya.

Sannan wani soja ya kai shi kasuwar bariki wurin wani mai kanti, Isa, mai sayar da katin gaisuwa. Isa ya gane sunan nan take. Ya ce ranar da anka ce sojoji su shirya tafiya tafki, Halilu ya zo ya sayi kati damƙi guda, ya zauna bisa benci ya cike su duka, ya ce a riƙa jefa ɗaya duk sati biyu kada hankalin Innarsa ya tashi. Ba shi kaɗai ba, sojoji da yawa haka suke yi in za a kai su daji. Isa ya riƙe amana, bai tsallake ko sau ɗaya ba, har sunka ƙare. Saura ɗaya, wanda Halilu ya ware ya ce kada a jefa sai in labari ya zo matarsa ta haihu. Wasiƙun gida kuwa ofis suke zuwa, ba kanti ba. Isa bai taɓa ji ba.

Gambo ya ciro katin daga aljihu, ya karanta a hankali don bokonsa ba yawa. Sunaye huɗu, sannan da baƙon baƙuwa. Ya tambaya wane ne kuma wannan. Maimunatu ta miƙa hannu ta karɓa.

Inna Hamsatu ta ce, "Ni dai na ji ɗana da kunnena. Ba a yi mashi sadaka ina raye."

Kuma ba a yi ba. Duk Jumma'a bayan la'asar takan sa a kawo mata rediyon, ta saurari gaisuwar 'ya'yan mutane har a gama, ta ce wataƙila sati mai zuwa. Haka har ta rasu a 1987.

Maimunatu kuwa ba matar aure ba, ba bazawara ba. Ubanta ya kai maganar gaban alƙali ƙarshen 1984. Alƙali ya ce matar wanda ya ɓata shekara huɗu take jira, kuma daga ranar da ta kawo ƙara ake fara ƙirga, ba daga ranar da ya ɓata ba. Ya tambayi abin da ya hana su zuwa tun bara. Ubanta ya ce ai ana jinsa a rediyo. Shekara ɗaya da rabi ta tafi a banza ke nan, ta ɗora huɗu a kai. Ta koma Gummi, ta koma tukunyar uwarta. Ta ce duk motar da ta tsaya kasuwa sai ta ɗaga kai, har ta zama ba ta san tana yi ba.

Ƙarshen 1988 ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, uwata na da shekara biyar tana zuwa makarantar allo. Masu zuwa ba su san me za su ce ba. Wasu sunka ce ya haƙuri, wasu sannu kawai, wata tsohuwa ta ce Allah ya bayyana shi sannan ta kama bakinta. Gambo da Lado mota ɗaya sunka shigo daga Nasarawa, sun daɗe da shiryawa. Sunka zauna zauren ubanta, anka yi fatiha, anka kawo fura. Tana daga ɗaki tana jinsu ta bango. Ba a daɗe ba murya ta fara tashi. Yaƙin Iran da Iraƙi ne ya tsaya shekarar, Lado na cewa tasharsa ta ce wannan ne ya ci, Gambo na cewa ƙarya ne, shi ya ji da kunnensa.

Daga baya ta yi wani auren, ta haifi uku, shi ma ya rasu. Ta ce wannan takabar ta fi sauƙi, don ta ga an fita da shi.

Katin na nan cikin gwangwanin, ya yi ja, rubutun biro ya fara bajewa. Ta ba ni na karanta mata, ta ce in maimaita na ƙarshen. Na tambaye ta, Inna, ke a ranki kina ganin ya mutu tun lokacin? Ta karɓi katin ta mayar, ta rufe.

"Ban sani ba," in ji ta. "Wa za ni tambaya?"

Ta tashi ta fita juya shanya, rana ta fara barin tabarmar.